Detroit Lions da gurbi na bakwai: lissafin mako na 18

Malam Habu (Laraba, 4 ga Janairu 2023)
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tunda tambaya ɗaya ake ta maimaitawa, bari in shimfiɗa lissafin a wuri guda. A gasar NFL ta ƙwallon ƙafar Amurka, ɓangaren NFC (ɗaya daga ɓangarorinta biyu) ƙungiyoyi bakwai ne ke shiga zagayen sili-ɗaya-ƙwale: zakarun rukunai huɗu, sai uku mafi kyawun sakamako cikin sauran. Shida sun riga sun kama kujerunsu, wato Eagles, 49ers, Vikings, Buccaneers, Cowboys da Giants. Saura kujera ɗaya, kuma mutum uku ne a kanta: Green Bay Packers, Seattle Seahawks da Detroit Lions. Kowacce ta ci 8 an ci ta 8.

Packers ce kaɗai ke riƙe da wuƙa da nama. In ta doke Lions ranar Lahadi a filinta na Lambeau, ta wuce, ba ruwanta da abin da ya faru a wani fili. Seahawks sai ta doke Rams, sannan Packers ta kasa cin nata wasan. Lions kuwa abu biyu take buƙata a tare: ta je Green Bay ta ci, kuma Rams ta doke Seahawks ko su yi canjaras. In ɗaya ya kuɓuce, shi ke nan, sai dai in canjaras aka yi a Lambeau.

Ɗan Asabe
Malam, a nan ne ban gane ba. In Lions ta ci, Seahawks ma ta ci, duk sun zama 9 da 8. Na duba maki, Lions ta zura 433 an zura mata 411, rarar 22 ke nan. Seahawks 388 da 385, rarar 3 kacal. Ta yaya mai rarar 3 zai wuce mai rarar 22?

Malam Habu
Ɗan Asabe, ka ɗauko ma'aunin Firimiya ka kawo gidan da ba a auna da shi. A NFL rarar maki tana can ƙasa ƙwarai, da wuya a kai gare ta. In ƙungiyoyi biyu daga rukunai daban suka yi kunnen doki, ga yadda ake bi. Da farko a duba ko sun haɗu a kakar, wa ya ci. In ba su haɗu ba, a duba sakamakonsu a wasanni 12 na cikin ɓangarensu. In nan ma ɗaya ne, a duba abokan karawar da suka yi tarayya a kansu, da sharaɗin wasannin sun kai huɗu. Daga nan sai ƙarfin waɗanda kowa ya doke, sai ƙarfin jadawali gaba ɗaya. Maganar maki sai bayan waɗannan duka, kuma can ƙarshe jefa kwabo ne.

To Lions da Seahawks sun haɗu a mako na 4, ranar 2 ga Oktoba, a gidan Lions ɗin ma, Seahawks ta ci 48 da 45. A mataki na farko aka rufe littafi.

Bilkisu
Abin takaicin ma, da a ce ba su haɗu ba, Lions ce a sama. In duka sun ci ranar Lahadi, Lions za ta ƙare da 7 da 5 a wasannin NFC, Seahawks 6 da 6. Wannan ma'aunin ne ya sa Packers ke gaban Seahawks: ba su kara da juna ba a bana, Packers tana da 6 da 5 yanzu, in ta ci ta koma 7 da 5. Wato dokar da ta ɗaga Packers a kan Seattle ita ce ba za ta yi wa Detroit aiki ba, saboda wasa ɗaya na watan Oktoba.

Nura Zinder
A tuna mana yadda wasan nan ya kasance, don mutane na ganin 48 da 45 suna cewa rashin sa'a ne. Ba rashin sa'a ba ne. Seahawks ba ta yi bugun sallama ko sau ɗaya ba a wasan, wato ba a taɓa tilasta mata ta mayar da ƙwallo da ƙafa ba. Ta tara yadi 555. Rashaad Penny shi kaɗai ya ruga yadi 151 da tacdawun biyu (wato kai ƙwallo ƙarshen filin abokin karawa, mai maki shida). Sannan farkon dawowa daga hutun rabin lokaci Tariq Woolen ya cafke jifan Jared Goff, kwatabak ɗin Lions (mai jefa ƙwallo da jan hari), ya kai shi har gida. Maki bakwai ɗin nan sun fi tazarar da aka tashi da ita.

Kuma masu kai harin Lions sun yi abin da ya fi ƙarfinsu ranar, don babu Amon-Ra St. Brown, babu D'Andre Swift, babu DJ Chark. T.J. Hockenson ne ya ɗauki kayan, yadi 179. Ka ci maki 45 a gidanka ba tare da manyan makamanka ba kuma ka sha kashi, ai ba sai an tambayi inda ɓarakar take ba.

Alhaji Tanko
Ni ban yarda a ɗora wa wasan Seattle laifin duka ba. Wasan da ya fi ciwo shi ne na mako na 3 a Minnesota, gidan Vikings. Lions ta yi gaba da 14 da nema, daga baya 24 da 14. Saura minti ɗaya da 'yan daƙiƙu, suna gaba da 24 da 21, yunƙuri na huɗu (na ƙarshe cikin huɗun da ake ba ƙungiya ta ci yadi 10) saura yadi 4. Hanya uku ce a gaban kocin Lions, Dan Campbell: ya nemi yadi huɗun nan, in an samu wasa ya ƙare, ko ya yi bugun sallama ya tura Vikings can kusa da layinsu, ko ya gwada bugun sanda (buga ƙwallo tsakanin sanduna, mai maki uku) daga yadi 54. Sai ya zaɓi ta ukun, wadda ta fi kowacce haɗari, domin in an ɓarar, abokin karawa zai karɓi ƙwallo daga inda aka buga, kusan tsakiyar fili. Austin Seibert ya ɓarar. Kirk Cousins na Vikings ya yi jifa biyu masu kyau ga K.J. Osborn, aka tashi 28 da 24. Shi kansa Campbell ya amsa bayan wasan cewa ya yi kuskure. Da an ci wannan, yau Lions 9 da 7 take, nasara a Lambeau ta ishe ta, kowa ya yi ta kansa.

Bilkisu
Alhaji, ranka ya daɗe, in haka za a bi ai jerin yana da tsawo. Dolphins a mako na 8: Lions na gaba 27 da 17 a hutun rabin lokaci, ba ta ƙara ko maki ɗaya ba, aka tashi 31 da 27. Bills ranar bikin godiya na Amurkawa: an farke 25 da 25 saura daƙiƙa 23, Josh Allen ya jefa wa Stefon Diggs yadi 36 ta tsakiya, Tyler Bass ya buga daga yadi 45. Eagles a makon farko, 38 da 35. Biyar daga cikin takwas ɗin da aka ci su, tazarar ba ta wuce maki huɗu ba. Ko wanne ɗaya aka juya, lissafin ya sauya.

Amma bambancin na Seattle shi ne ya yi ɓarna sau biyu. Ya rage wa Detroit nasara, ya ƙara wa wanda take takara da shi, sannan ya ba shi fifikon kunnen doki. Shi ya sa nake ganin Malam Nura ya fi kusa da gaskiya.

Alhaji Tanko
Na karɓa, Hajiya. Sau uku ma ke nan in an ƙirga da kyau.

Sadiku Kumasi
Tambaya ga masu lissafi. In aka yi canjaras a Lambeau fa? Na san ba kasafai ba, amma a bana an yi biyu, Colts da Texans, sai Giants da Commanders.

Malam Habu
Tambaya mai kyau, ƙanena. A wasannin kaka ƙarin lokaci minti 10 ne kawai, in ba wanda ya yi gaba a tashi haka. In Lions da Packers suka yi canjaras, duk sun zama 8-8-1. Tunda rukuninsu ɗaya, sai a fara raba su tukuna, kuma Lions ce a sama saboda ta ci karon farko 15 da 9. Don haka canjaras ya kashe Packers ko ta yaya. In Seahawks ta ci, ita ta wuce. In an ci ta, Lions ta wuce.

Inda gizo ke saƙa shi ne in wasannin biyu duka suka ƙare canjaras. A nan sai a waiwayi Commanders, wadda an riga an fitar da ita. Tana da 7-8-1. In ba ta ci Cowboys ba, kunnen dokin na mutum biyu ne, Lions da Seahawks, Seattle ta wuce da wasan Oktoba. Amma in Commanders ta ci, ita ma ta zama 8-8-1, an koma mutum uku. A dokar mutum uku, haɗuwar kai da kai ba ta aiki sai in ɗaya ya doke sauran biyun duka, ko kuma su biyun duka sun doke shi. Lions ta ci Commanders, Seahawks ta ci Lions, Seahawks da Commanders ba su haɗu ba. Babu wanda ya share, sai a sauka zuwa sakamakon NFC: Lions 6-5-1, sauran biyun 5-6-1. Detroit ta wuce.

Sadiku Kumasi
Ikon Allah. Wato ƙarin mutum a cikin rigimar shi ke wanke wa Lions laifin Oktoba.

Malam Habu
Haka dokar take. Amma kada kowa ya ɗora tukunya a kan wannan murhun.

Kawu Iliya
Ku bar lissafin canjaras, ku zo kan abin da zai yiwu. Rams za ta iya cin Seahawks a Seattle? Rams tana da 5 da 11, zakarun bara ne amma asibiti suka koma. Babu Matthew Stafford, babu Cooper Kupp, babu Aaron Donald. Katangar da ke kare kwatabak ɗinsu kusan kowane mako sai an sauya mata mutane saboda rauni. Baker Mayfield ne ke jan su, wanda suka ɗauko a farkon Disamba bayan Panthers ta sallame shi. Kwana biyu da zuwansa ya ja su yadi 98 a ƙarshen wasa suka ci Raiders 17 da 16. Ranar Kirsimeti suka yi wa Broncos 51 da 14. Sai kuma makon jiya Chargers ta yi musu 31 da 10. Wace Rams ɗin za ta sauka daga jirgi, wannan ita ce tambayar.

Nura Zinder
Kawu, akwai ƙofa ɗaya a buɗe, ita ce ruga da ƙwallo. Rauni mafi girma na Seattle a bana shi ne tare masu gudu. Josh Jacobs na Raiders ya yi musu yadi 229 a ƙasa, har da na 86 da ya rufe wasan a ƙarin lokaci. Panthers ma ta bi ta kansu haka. Ga Cam Akers ya farfaɗo, ya haura yadi 100 a wasanni biyu a jere. Ga kuma Jordyn Brooks, wanda ya fi kowa kamu a tsakiyar bayan Seattle, ya tsinke jijiyar gwiwa a wasan Jets, ba zai buga ba. In kocin Rams Sean McVay ya ba Akers ƙwallo sau 20 zuwa 25, ya cinye agogo, ya hana Mayfield shiga yunƙuri na uku mai nisa, wasan zai kai zango na huɗu da rai.

Kada a manta karonsu na farko 27 da 23 aka tashi, kuma sai da kwatabak ɗin Seattle Geno Smith ya samo DK Metcalf a cikin mintin ƙarshe. John Wolford ne ma kwatabak ɗin Rams ranar. Sannan Bobby Wagner na Rams zai koma filin da ya yi shekara goma yana bugawa, ba zai je yawon buɗe ido ba.

Kawu Iliya
Duk na ji. Amma Seattle tana gida, ta san in ta faɗi ta fita, kuma filin nan hayaniyarsa kan sa baƙi su kasa jin kiran kwatabak. Katanga mai sababbin mutane ita ta fi shan wahalar wannan: wani ya motsa kafin lokaci, a mayar da ku baya yadi 5, yunƙurin farko da 10 ya koma da 15, shirin gudu ya rushe. Uchenna Nwosu, mai farautar kwatabak na Seattle, kuma yana jira a gefe. Ni a wurina Seattle ta fi kusa da ci, ko da ta yi rashin biyar cikin shida kafin wasan Jets.

Ummi
Wani abin dariya da ba a ambata ba: zaɓin zagayen farko na Rams a ɗaukar sababbin 'yan wasa na bana, na Lions ne. Yana cikin cinikin Stafford na 2021, inda Detroit ta karɓi Goff da zaɓin zagaye na uku ɗaya da na zagayen farko biyu. Duk kakar nan magoya bayan Lions addu'ar faɗuwar Rams suke yi don zaɓin ya hau sama. Ranar Lahadi sai su juya baki.

Ɗan Asabe
Ƙarfe nawa ne wasannin a wurinmu?

Ummi
Seahawks da Rams 10:25 na daren Lahadi agogon Najeriya da Nijar da Kamaru. Lions da Packers 2:20 na dare, wayewar Litinin. Mutanen Ghana ku rage awa ɗaya.

Alhaji Tanko
To ga inda hukumar gasar ta yi son kai. Wasa kan ɗauki awa uku da 'yan mintoci. Kafin a take ƙwallo a Lambeau an gama na Seattle. In Seahawks ta ci, 'yan wasan Lions za su shiga fili sun san tasu ta ƙare, kuma duk wahalar da za su sha Seattle za su yi wa. Packers kuwa ko ta yaya tana da abin nema. Wannan zalunci ne ga Seattle, gata ne ga Green Bay. Kamata ya yi a buga su lokaci guda, kamar yadda ake yi ranar ƙarshe ta Firimiya.

Bilkisu
Alhaji, a wajen adalci kana da gaskiya. Amma dalilin a fili yake. Wasan daren Lahadi shi kaɗai ake nunawa a duk faɗin Amurka a wannan lokacin, kuma suna son wanda tabbas yana da nauyi. Aaron Rodgers, kwatabak ɗin Packers, a Lambeau, ci ka wuce, wataƙila ma wasansa na ƙarshe ke nan da rigar Packers. Ba mai sayar da talla da zai bar wannan.

Inda na saba da kai shi ne zaton Lions za ta saki jiki. Babu wasa a gabanta da za ta ɓoye 'yan wasa dominsa. Nasara na nufin kakar farko da ta ci fiye da yadda aka ci ta tun 2017, bayan bara ta ƙare 3-13-1. Jamaal Williams na Lions yana da tacdawun 15 na gudu, saura ɗaya ya kamo tarihin Barry Sanders na 16 da ya kafa a 1991, saura yadi 6 ya cika 1,000, kuma Packers ce ta bar shi ya tafi bayan shekara huɗu. Ga tsohuwar gaba: daga 1992 har 2014 Lions ba ta ci wasa ko ɗaya a gidan Packers ba. Waɗannan ba mutanen da za a roƙa su taka wa Green Bay burki ba ne.

Sadiku Kumasi
To a fili fa, me Lions za ta yi ta ci?

Nura Zinder
Abu na farko, kada wasan Carolina ya maimaita kansa. Ranar 24 ga Disamba Panthers ta ruga musu yadi 320, D'Onta Foreman 165, Chuba Hubbard 125. Abin da ya faru shi ne na gefe suna kutsawa ciki da wuri, gefen ya zama fili, masu tsaron tsakiya suna faɗawa rami ɗaya su biyu su bar ɗayan a buɗe, na baya kuma suna kai hannu maimakon kafaɗa. Packers tana da Aaron Jones mai zillewa da AJ Dillon mai nauyi, kuma kocinsu Matt LaFleur ya kalli wannan faifan. Dole kowa ya tsare raminsa, na gefe ya mayar da mai gudu ciki.

Na biyu, Christian Watson, mai cafke jifa na Packers. Tun da ya ci uku a wasan Cowboys ya zama barazanar nesa. In ka sauko da mai tsaron baya ɗaya don ya taimaka wajen tare gudu, ka bar Watson da mutum ɗaya. In ka bar biyu a can baya, Jones ya samu sarari. Aaron Glenn, mai tsara tsaron Lions, zai riƙa sauyawa ne, kuma abin da zai sauƙaƙa masa shi ne 'yan gaba huɗu su isa Rodgers ba tare da an ƙara musu mutum ba. Aidan Hutchinson ya kayar da kwatabak sau 7 da rabi. James Houston, ɗan zagaye na shida da bai fara bugawa ba sai ƙarshen Nuwamba, ya riga ya yi 8 a wasa shida. Romeo Okwara, haifaffen Legas, shi ma ya dawo daga raunin agara.

Na uku, Keisean Nixon na Packers. Ya mayar da bugun farawa yadi 105 a wasan Vikings. A cikin sanyi ƙwallo ba ta tafiya da nisa, don haka da wuya a riƙa buga ta ta fita bayan fili. Zai samu dama.

Kawu Iliya
Ka bar mafi girma. Goff a waje ba Goff na gida ba ne. Jifan tacdawun 29 yake da su, 23 a filinsu Ford Field mai rufi, 6 kacal a waje, uku daga ciki ma a Carolina, biyunsu bayan wasa ya riga ya lalace. Daren Janairu a Wisconsin ƙwallo takan yi tauri, yatsu su sandare. Kuma 'yan bayan Packers sun cafke wa Tua Tagovailoa uku a zango na huɗu kaɗai, suka cafke wa Cousins uku. Da wannan suka tashi daga 4 da 8 zuwa 8 da 8, ba da hannun Rodgers ba.

Bilkisu
Gaskiya ne Kawu, sai dai rabon da a cafke wa Goff ƙwallo tun mako na 9. Wasa takwas ke nan a jere. Ben Johnson, mai tsara harin Lions, ya gina masa hari a kan yaudarar miƙa wa mai gudu sannan a jefa gajere ta tsakiya ga St. Brown, bayan katangar Decker da Jackson da Ragnow da Sewell. Ba a buƙatar ya jefa uku. Ana buƙatar kada ya bayar da ko ɗaya. A karon farko ma maki 15 kawai suka ci, Rodgers ne ya zubar da uku, biyu a hannun Kerby Joseph, ɗaya a hannun Hutchinson a bakin layi.

Kuma a duba sauyin bayan. Wasa bakwai na farko an zura musu 225, sama da 32 a kowane wasa. Tara na baya 186, ƙasa da 21, duk da na Carolina yana ciki.

Malam Habu
In an haɗa, ko ka ba Lions rabi da rabi a Lambeau, ka ba Rams kashi ɗaya cikin uku, ninkawa za ka yi ba tarawa ba. Rabin kashi ɗaya cikin uku, ɗaya cikin shida ke nan. Wannan kintace na ne, kowa ya sa nasa adadin, amma hanyar lissafin ita ce wannan. Bengals ta 1970 ta fara da 1 da 6 ta kuma shiga, don haka an taɓa yi.

Ummi (daren Lahadi, 8 ga Janairu)
Hutun rabin lokaci a Seattle, Rams 13, Seahawks 6. Jalen Ramsey ya cafke jifan Geno na farko a wasan.

Ɗan Asabe
16 da 16, Jason Myers zai buga daga yadi 46 a daƙiƙar ƙarshe. Ta daki sanda! An tafi ƙarin lokaci.

Ummi
An gama. Seahawks 19, Rams 16. Lions ta fita tun kafin ta taka fili.

Nura Zinder
Van Jefferson ya kuɓuce a gefen hagu, ba kowa a kansa. Mayfield ya ɗaga ƙwallon ta daɗe a sama, Quandre Diggs ya taso daga tsakiya ya cafke. Da jifan ya fi haka kaifi da yanzu wani zance ake. Diggs ɗin nan kuma Lions ce ta sayar wa Seattle shi a 2019.

Alhaji Tanko
A ƙara da hukuncin da aka yanke wa Rams na karo da mai bugun sallama a zango na huɗu, alhali turo ɗan wasan aka yi. Shi ya mayar wa Seattle ƙwallo har ta je ta farke. To Hajiya Bilkisu, yanzu za mu ga maganarki.

Bilkisu (asubahin Litinin)
Alhaji, ina kwana. Lions 20, Packers 16.

Alhaji Tanko
Lafiya lau Hajiya. Na janye rabin maganata. Rabin da ya shafi jadawali yana nan.

Kawu Iliya
Goff bai jefa tacdawun ba, bai kuma bayar ba, kamar yadda aka faɗa. Packers ce ta yi ta zubar da nata. Ta nemi yadi ɗaya a yunƙuri na huɗu a cikin gidanta tun zangon farko aka tare Lazard. Jones ya saki ƙwallo dab da hutu suna cikin tafiya. Bugun Crosby na yadi 53 ya daki sandar kwance. Sai Quay Walker ya ture ma'aikacin jinyar Lions aka kore shi, a daidai lokacin da Detroit ke bakin layi. Makinsu na rabin farko duk na bugun sanda uku ne, 9 maimakon 21.

Nura Zinder
Williams ya ci biyu, ya kai 17, tarihin Sanders ya faɗi. Hutchinson ya kayar da Rodgers sau biyu. Joseph ya sake cafkewa, na uku ke nan daga hannun Rodgers a kaka ɗaya, kuma matsin da aka yi masa ne ya sa ya wulla ta sama ba shiri. Amma abin da ya fi burge ni shi ne yadda aka kashe agogo. An mayar da su baya da laifi, sai Johnson ya kira jifa gajere ga St. Brown, shi kuma ya miƙa wa Swift da ke biye da shi a guje. Daga nan yunƙuri na huɗu saura yadi ɗaya, suna gaba da maki huɗu, bugun sanda yana nan a hannu. Campbell bai buga ba. Goff ya jefa wa Chark, wasa ya mutu.

Alhaji Tanko
Irin shawarar da ya ƙi yankewa a Minnesota ke nan.

Ɗan Asabe
To yanzu me ya rage?

Malam Habu
Lions 9 da 8, ta biyu a rukunin arewa, 5 da 1 a cikin rukunin. Seahawks 9 da 8 ita ma, ta ɗauki gurbi na bakwai, za ta je gidan 49ers ranar Asabar, wadda ta doke ta sau biyu a bana. Packers 8 da 9. Rams ta ƙare 5 da 12, don haka zaɓinta da ke hannun Detroit ya zama na 6, nata na kanta kuma na 18.

Ummi
Sai a fara muhawarar wa za a ɗauka. Ni dai mai tsaron gefe a na 6, ɗan tsakiyar layin gaba mai nauyi a na 18.

Kawu Iliya
Juya su, 'yata. Yadi 320 ɗin Carolina ta tsakiya aka fara su.